Dariya a Bakin Gadon Majiyyaci: Fina-finan Barkwanci Masu Ɗaci Kan Aikin Likita da Masu Farautar Faya-fayansu

A farkon fim ɗin The Hospital, wanda aka saki a Amurka a 1971, an kai wani dattijo babban asibitin koyarwa a birnin New York, likitoci suka kasa gano ainihin abin da ke damunsa, suka yi ta ba shi maganin da ba nasa ba har ya cika. Wani matashin likita da ya ga gadon ya zama ba kowa sai ya mayar da shi wurin holewa cikin dare, barci ya kwashe shi a kai, ma'aikaciyar jinyar da ta karɓi aiki ta ɗauka majiyyacin ne ta ɗaura masa ƙarin ruwa, alhali yana da ciwon sukari, kuma da gari ya waye sai gawarsa aka tarar. Daga nan mutuwa ta yi ta ɗaukar ma'aikatan asibitin ɗaya bayan ɗaya, sai can wajen ƙarshe aka gano cewa akwai wanda ke da hannu a ciki, sai dai dabararsa ba ta wuce ya jefa likita ko ma'aikaciyar jinya cikin halin majiyyaci ba, ya bar asibitin ya ƙarasa masa aikin. Ɗaya ya mutu a sashen gaggawa ba wanda ya waiwaye shi sai ma'aikaciyar da ke neman lambar inshorarsa, wata kuma aka shigar da ita ɗakin tiyata a madadin wata mata daban.

Paddy Chayefsky ne ya rubuta labarin, Arthur Hiller ya ba da umarni, George C. Scott ya fito a matsayin Dakta Bock, shugaban likitocin da rayuwa ta ishe shi. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne cewa an shirya wannan fim ne domin a yi dariya, kuma ana yin ta, amma dariya ce da ke barin ɗaci a maƙogwaro, domin mai kallo ya san cewa babu wani abu a cikin labarin da ba zai iya faruwa da shi ko da nasa ba. Masu kallon fina-finan Indiya a ƙasar Hausa sun san Munna Bhai M.B.B.S. na 2003, inda ɗan daba ya shiga makarantar likitanci ya rinƙa tambayar ko cike takarda ya fi ran mutum muhimmanci. Wannan ma suka ce, amma suka ce mai daɗin ji, domin a ƙarshe zukata sun yi laushi, kowa ya gane kurensa. Fina-finan da muke magana a kansu ba sa yi wa mai kallo wannan alfarma. Babu azzalumi guda ɗaya da za a hukunta a huta, babu gwarzon da zai gyara komai, kuma yawancin waɗanda ke jawo ɓarnar mutane ne masu bin ƙa'ida, masu cike takardu yadda aka umarce su.

Ba banza ba irin waɗannan fina-finai suka yi yawa daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1980. A 1965 Amurka ta kafa tsarin Medicare da Medicaid na biya wa tsofaffi da marasa ƙarfi kuɗin jinya, kuɗin gwamnati ya fara kwarara cikin asibitoci da yawan da ba a saba gani ba, kuma duk inda kuɗi ya kwarara ana samun masu tara shi. A 1966 wani likitan Harvard, Henry Beecher, ya wallafa maƙala da ta kawo misalai 22 na bincike da aka yi a kan majiyyata ba bisa ƙa'ida ba, a manyan cibiyoyi masu mutunci. A Disamban 1967 Christiaan Barnard ya yi dashen zuciya na farko a Afirka ta Kudu, a shekarar da ta biyo baya kuma wani kwamitin Harvard ya fito da ma'aunin da za a ce ƙwaƙwalwar mutum ta mutu ko da zuciyarsa tana bugawa, wato tambayar yaushe mutum ya mutu ta zama abin da kwamiti ke zama a kai. A 1972 jaridu suka tona asirin binciken Tuskegee, inda hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta shafe shekara 40 tana kallon ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba tare da ba su magani ba, domin a ga yadda cutar ke cin jiki. A gefe guda kuma, a 1968 aka yi watsi da tsohuwar dokar tace fina-finai ta Hollywood aka maye gurbinta da tsarin rarraba fim bisa shekarun mai kallo, abin da ya ba marubuta damar taɓa abin da a da ba ya taɓuwa. Likita, wanda fina-finan baya suka saba nunawa kamar waliyyi cikin farar riga, ya zama mutum mai buƙatu da bashi da son girma kamar kowa.

Jigon da ya fi daɗewa a wannan fanni shi ne kuɗi, kuma Faransawa sun riga kowa. Wasan kwaikwayon Knock na Jules Romains, wanda aka fara nunawa a 1923 kuma aka mayar da shi fim a 1951 tare da Louis Jouvet, labarin likita ne da ya sayi aikin wani likitan ƙauye ya tarar mutanen garin lafiyarsu ƙalau, sai ya buɗe duba marasa lafiya kyauta, ya rinƙa cusa wa kowa tsoro, har masaukin baƙin garin ya koma asibiti cike da masu jinyar cutar da ba su da ita. A Italiya, Luigi Zampa ya yi Il medico della mutua a 1968, inda Alberto Sordi ya fito a matsayin sabon likita da ya gane cewa a tsarin inshorar lafiya na lokacin yawan majiyyatan da ke cikin rajistarka shi ne arzikinka, don haka ya shiga tara su ta kowace hanya, har da neman shiga wurin matar wani likita da ke kan gargara domin ya gaji majiyyatansa. Wannan fim ya yi kasuwa sosai a Italiya, amma da wuya a sami wanda ya san shi a wajenta, abin da ke nuna cewa ɓoyuwar fim ta danganta da inda mutum yake tsaye.

Wanda ya fi kai wannan jigo maƙura shi ne Critical Care na 1997, wanda Sidney Lumet ya ba da umarni bisa littafin Richard Dooling. Wani dattijo yana kwance cikin doguwar suma a sashen kulawa ta musamman, na'urori ne kawai ke riƙe da numfashinsa, 'ya'yansa mata biyu da ba uwarsu ɗaya ba suna jayayya, ɗaya tana son a cire na'urorin, ɗayar tana son a bar su, kowace tana fakewa da tausayi ko addini, alhali rabon gado ne ya dogara da lokacin da zai cika. Tsohon likitan da ke shugabantar sashen, wanda Albert Brooks ya fito a matsayinsa, giya ta cinye masa tunani har ba ya tuna abin da aka faɗa masa ɗazu, amma ba ya taɓa manta wane majiyyaci ne ke da inshora mai ƙarfi. A nan barkwancin ya taɓa ainihin matsalar da masana ɗa'ar likitanci ke muhawara a kai tun shari'ar Karen Ann Quinlan a tsakiyar shekarun 1970 (wata matashiya a Amurka da ta faɗa doguwar suma, iyayenta suka nemi kotu ta ba da izinin cire mata na'urar numfashi), wato shin tsawaita numfashi daidai yake da tsawaita rayuwa, kuma wa ke da hurumin yanke hukunci idan asibitin da ke ba da shawara yana samun kuɗi a kowace rana da majiyyacin ya ƙara. Duk da sunan Lumet da na 'yan wasa irin su James Spader da Helen Mirren, abin da fim ɗin ya tara a gidajen sinima na Amurka bai kai ko dala miliyan ɗaya ba.

A Birtaniya lamarin ya sha bamban, domin tun 1948 jinya kyauta ce a ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, don haka sukar ta karkata ga ƙarancin kayan aiki da bambancin aji. The National Health na 1973, wanda Jack Gold ya yi daga wasan Peter Nichols, yana nuna ɗakin jinyar maza a wani tsohon asibiti inda ake mutuwa a hankali cikin ƙarancin kulawa, sai kuma a rinƙa katse shi da wani wasan soyayyar talabijin na asibiti mai ƙyalƙyali, inda 'yan wasan nan dai suke fitowa a matsayin kyawawan likitoci. Amma wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Britannia Hospital na Lindsay Anderson, wanda ya fito a 1982, na uku a jerin fina-finan da Malcolm McDowell ya fito a matsayin Mick Travis, bayan na 1968 da na 1973. Asibiti yana shirin bikin cika shekara 500 da tarbar wata babbar 'yar gidan sarauta, ma'aikata suna yajin aiki, masu dafa abinci sun ƙi dafa wa majiyyata masu biyan kuɗi, masu zanga-zanga sun cika ƙofa saboda an kwantar da wani shugaban kama-karya na Afirka a sashen masu hali, kuma tun a farkon fim an bar wani dattijo ya mutu a kan gadon turawa domin lokacin shan shayi ya yi. A sabon ginin bincike kuwa, Farfesa Millar yana haɗa sabon mutum daga sassan gawawwaki, kuma idan wanda yake jiran sashen jikinsa ya ƙi mutuwa da wuri, yakan taimaka masa. Anderson bai ƙyale kowa ba: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya soki masu sarauta, ya soki ƙungiyoyin ƙwadago, ya soki 'yan jarida da masana kimiyya, wanda hakan ya sa babu ɓangaren da ya tsaya masa. Ƙari a kan haka, fim ɗin ya fito ne ana tsakiyar yaƙin tsibiran Falkland tsakanin Birtaniya da Ajantina, lokacin da kishin ƙasa ya cika Birtaniya, kuma ba wanda ke son a nuna masa ƙasarsa a matsayin asibiti mai rugujewa. Masu sharhi na gida suka yi masa ca, ya ɓace daga sinima cikin ƙanƙanin lokaci.

Jigo na biyu shi ne yardar majiyyaci, kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Kano, inda gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya jawo doguwar shari'a kan ko an sanar da iyaye abin da ake yi, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Fim ɗin Romaniya na Cristi Puiu, The Death of Mr. Lazarescu, wanda ya ci kyauta a bikin Cannes na 2005, ya nuna wata fuska ta wannan ƙa'ida, wato yadda abin da aka kafa domin kare majiyyaci yake komawa garkuwar asibiti. Wani tsohon injiniya mai zaman kaɗaici da kuliyoyinsa ya kira motar asibiti da dare, ma'aikaciyar motar ta yi ta yawo da shi asibiti huɗu a birnin Bukares, daren da haɗarin wata motar safa ya cika ko'ina da raunana. Kowane likita sai ya ji warin giya a bakinsa ya yi masa faɗa kafin ya duba shi. A asibiti na biyu aka gano jini ya taru a kansa kuma yana buƙatar tiyata nan take, amma lokacin da aka kai shi na uku hankalinsa ya fara gushewa, bai sa hannu a takardar yarda ba, likitocin kuma suka ƙi taɓa shi, duk da cewa gushewar hankalin ita ce alamar cutar da aka gano. Fim ɗin ya kai kusan awa biyu da rabi, an ɗauke shi kamar labarin gaskiya, kuma tushensa wani abu ne da ya faru a Bukares a 1997. Mutane da yawa sun yi mamakin yadda aka tallata shi a matsayin barkwanci, amma duk wanda ya taɓa rakiyar majiyyaci daga wannan taga zuwa waccan zai gane inda dariyar take.

Lars von Trier na Denmak ya bi ta wata hanya a Riget, jerin shirin talabijin da ya fara a 1994 ya ci gaba a 1997, wanda aka kafa labarinsa a babban asibitin ƙasa na Kofanhagan. Akwai fatalwa a ciki, amma abin tsoron na gaske shi ne likitan ƙwaƙwalwa ɗan Siwidin da ya lalata wa wata yarinya ƙwaƙwalwa a tiyata yake ta ƙoƙarin ɓatar da rahoton, da ƙungiyar asirin manyan likitoci da ke rufa wa juna asiri, da masanin cututtukan da dangi suka hana shi binciken gawar wani mai ciwon dajin hanta da ba kasafai ake samun irinsa ba, sai ya sa aka dasa masa hantar mai ciwo a jikinsa domin ya mallake ta. Mutuwar manyan 'yan wasan biyu, Ernst-Hugo Järegård a 1998 da Kirsten Rolffes a 2000, ta dakatar da shirin, ba a kammala shi ba sai a 2022.

Dalilin ɓacewar irin waɗannan fina-finai a bayyane yake. Mutum yana iya yi wa ɗan siyasa ko soja dariya hankalinsa kwance, amma asibiti wuri ne da ya san wata rana za a kai shi a kwance, kuma ba ya son a girgiza masa amanar da zai buƙata a ranar. Masu talla ma ba sa sanin yadda za su sayar da su, domin wanda ya zo neman nishaɗi zai fita da ɓacin rai, wanda ya zo neman darasi kuma zai ga an yi wasa da abin da ba na wasa ba. Hatta The Hospital, wanda ya yi nasara a zamaninsa, ya ci wa Chayefsky kyautar Oscar kuma aka shigar da shi kundin adana fina-finan Amurka a 1995, daga baya Network na 1976, wanda shi ma Chayefsky ya rubuta, ya shafe shi a tunanin jama'a. Fim ɗin da bai kawo kuɗi ba kuwa babban kamfani ba ya ɓata dukiyarsa wajen gyara shi, sai ya zauna a rumbu, haƙƙin mallakarsa yana ta sauya hannu duk lokacin da wani kamfani ya haɗiye wani.

A wannan giɓi ne ƙananan kamfanonin faya-fayai da masu tara fina-finai suka sami gindin zama. Ƙaramin kamfani yakan sayi lasisin fim na 'yan shekaru daga mai shi, ya nemo asalin zaren fim ɗin ko kwafi mafi kyau, a ɗauki hotonsa da na'ura ɗaya bayan ɗaya, a goge datti da ƙarce, a gyara launi, sannan a buga adadi ƙayyadadde. Kamfanin Twilight Time na Amurka, wanda aka kafa a 2011, ya shahara da buga kwafi 3,000 kacal na kowane fim, kuma a haka ya fitar da The Hospital a faifan Blu-ray a 2017, kafin masu shi su sanar da rufe shi a 2020. A Birtaniya, jerin Indicator na kamfanin Powerhouse, wanda ya fara a 2016, ya fitar da The National Health, ya kuma fitar da Britannia Hospital a 2020. Lissafin mai sauƙi ne: fim ɗin da mutum dubu uku kawai ke so a duniya asara ne ga babban kamfani, amma ya isa ya riƙe ƙaramin kamfani idan kowannensu zai biya da kyau. Abin da mai saye ke samu ya wuce fim ɗin kansa, domin akan haɗa da sharhin masana, da tsofaffin hirarraki da darakta, da ɗan littafi mai ɗauke da abin da jaridu suka rubuta lokacin da fim ɗin ya fito. Ga wannan fanni musamman, waɗannan ƙare-ƙare suna da nauyi, domin wanda bai san rikicin gadajen masu biyan kuɗi da ya dabaibaye asibitocin Birtaniya a tsakiyar shekarun 1970 da yajin aikin hunturun 1978 zuwa 1979 ba, zai ɗauka Anderson ƙirƙira kawai ya yi. Shi ya sa faifan ke zama tamkar ƙaramin kundin tarihin yadda jama'a suka kalli likitocinsu a wani zamani.

Sai dai bai kamata a yi wa wannan harka kwalliyar da ba ta da ita ba. Ƙarancin kwafi sau da yawa dabarar kasuwa ce, kuma ta haifar da masu sayen faifai su ajiye shi cikin ledarsa ba tare da sun kalla ba, suna jiran ya ƙare a kasuwa su sayar ninkin kuɗinsa. Haka kuma wahalar samun fim ba ta mayar da shi mai kyau. Where Does It Hurt? na 1972, inda Peter Sellers ya fito a matsayin shugaban asibiti mai sa a yi wa mutane tiyatar da ba sa buƙata domin a cika musu takardar kuɗi, yana da jigo mai ƙarfi amma barkwancinsa na arha ne, kuma a ganina sunan Sellers ne kawai ke sa a neme shi. Such Good Friends na Otto Preminger, na 1971, wanda Elaine May ta rubuta da sunan aro, inda mutum ya shiga asibiti a cire masa tawadar Allah ya ƙare cikin doguwar suma, ya fi shi kaifi, amma shi ma ya fi karkata ga rikicin aure fiye da na asibiti. Mai tarawa na ƙwarai shi ne wanda ya san bambancin fim ɗin da aka zalunta da wanda aka manta da shi bisa cancanta.

Abin da ya ƙara wa faifai daraja a 'yan shekarun nan shi ne yadda hanyoyin samunsa ke toshewa. Netflix ya rufe sashensa na aika faifan DVD ta gidan waya a Satumban 2023, shagunan Best Buy na Amurka suka daina sayar da faya-fayan fim a farkon 2024, manhajojin kallo ta intanet kuma suna cire fim duk lokacin da lasisinsa ya ƙare, kuma waɗanda ba su da masu kallo da yawa su ne na farkon fita. Shi kansa faifan yana da nasa matsalolin. Ana kulle da yawa daga cikinsu bisa shiyya, Afirka tana shiyyar B ta Blu-ray tare da Turai, don haka bugun Birtaniya zai yi aiki a na'urar da aka kera domin wannan shiyya, na Amurka da aka kulle a shiyyar A kuwa sai da na'urar da aka buɗe, kuma fina-finan Italiya ko Faransa da aka buga domin kasuwar gida ba lallai ne su zo da fassarar Turanci ba. Ba ya kuma dawwama: a 2025 kamfanin Warner ya amsa cewa wasu faya-fayan DVD ɗinsa da aka buga tsakanin 2006 da 2008 suna lalacewa da kansu a cikin kwalinsu, ya ce zai musanya su, amma waɗanda aka daina bugawa ko lasisinsu ya ƙare sai dai a ba mai shi wani fim daban a madadinsu.